Agwagwar Baban Hula

Kakarmu, Inna Gambo, ta yi shekaru tana girki a garin Yanbu na Saudiyya, a gidan wani injiniya ɗan Denmark. Matarsa tana da kaset-kaset na finafinan barkwanci na ƙasarsu, kuma ba ta son kallo ita kaɗai, sai ta kira Inna ta taya ta. Inna ba ta jin ko kalma ɗaya ta yarensu. Da ta tsufa ta dawo wurinmu a unguwar Ranuna ta Madina, sai ta mayar mana da finafinan nan tatsuniya.

Lokacin sanyi, bayan sallar isha, mukan hau saman gida. Ta hura gawayi a mangal, ta ɗora shayi. A gefe akwai kejin tattabarun Baba. Tela ne, amma unguwa ta fi saninsa da tattabaru: ya raɗa wa kowace suna, yana hira da su, har labule ya ɗinka musu. Mutane na cewa da sauransa.

"Ga ta nan, daga ƙasar ƙanƙara," in ji Inna. Mu haihuwar Madina mu amsa, "Yalla, ta zo mu ji."

Labarin kullum na gida ɗaya ne, gidan Baban Hula, wanda ko wanka da hularsa yake yi.

Daren da na fi tunawa, a makon ne iyayen saurayin yayata Hajara suka aiko cewa sun fasa, wai ba za su haɗa zuri'a da mai zance da tsuntsaye ba. Hajara ta daina gaida Baba. Inna ta aika aka kira ta, ta hawo ta zauna nesa da wuta.

Inna ta ce Baban Hula yana kiwon agwagwa a bahon wanka. Ranar da saurayin 'yarsa zai zo da iyayensa, gida ya rikice da neman inda za a ɓoye ta. Aka saka ta a tukunya, ta ture murfi. Aka cusa ta cikin kabad, ta fito da ɗankwali a wuya. Ana tsakiyar cin abinci ta dira kan tebur, ta tsoma baki a kwanon uwar saurayi. Baƙi suka tashi a fusace.

"Sai saurayin ya dawo?" Hajara ta tambaya, karo na farko da ta buɗe baki.

"Bai dawo ba. 'Yan gida suka zauna suka cinye abincin baƙi, agwagwa na tsakiyarsu." Inna ta gyara garwashi. "Wanda agwagwa ta kora, 'yar nan, da ma ba mazauni ba ne. Ƙurunƙus, kaset ya ƙare."

Hajara ba ta yi dariya ba, ta sauka abinta. Sai da aka kwana biyu kafin na ji ta ce, "Baba, ina kwana."

Bayan rasuwar Inna na nemo irin finafinan a waya, da fassarar Larabci a ƙasa. Na samu wanda ya yi kama da nata. A cikinsa saurayin ya dawo da furanni, aka sha biki, kowa na rawa. Inna ta kalli wannan ƙarshen da idonta, ta yanke shi da gangan.

A da ina ganin tatsuniya aikinta lallashi. Yanzu da nake da 'ya'ya na gane akwai lallashin da cuta ne. Inna ta san yaron ba zai dawo ba, kuma ba ta yarda ta bar jikarta tana jiran ƙofa ba.