Ranar Talata Ake Juya Ni

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Ina ganin saƙonninku, amsawar ce ba ta zo min ba. Wani abokina har ya rubuto yana tambaya ko na rasu. Ban rasu ba, Malam, kwanciya na yi.

Da kaka abin ya fara, muna cirar gyaɗa a gonarmu ta wajen Ɗambatta. Ciwon baya ne, irin wanda kowane manomi ya sani. Na shafa man zafi na ci gaba da aikina.

Daga nan sai zufa da rama. Wata safiya takalmina ya zame daga ƙafata a hanyar masallaci, ban ankara ba sai da wani dattijo ya miƙo min shi. Kafin a gama sussukar gero ƙafafuna sun daina ɗaukata.

Yayana Sule ya sa ni a mota zuwa Kano. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ƙirji, aka yi na ƙashin baya. Shi wannan na ƙarshen sai da ragunan Inna suka tafi kasuwa. Likita ya ce tarin fuka ne ya kama ƙashin baya ya danne jijiya. Na ce ai ba na tari. Ya ce, "Ba sai ka yi tari ba."

Aka ba ni gado, aka sa min robar fitsari, aka ɗora ni kan ƙwayoyi. Daga cibiya zuwa ƙasa ba na jin komai. A zuciyata ma haka. Ba kuka, ba tsoro, silin kawai nake kallo.

Akwai wata Malama Binta daga makarantar koyon aikin jinya da ke zuwa ɗakinmu duk Talata. Ba ta ba da magani. Zama take a gefe tana kallo. Ashe an horar da nas-nas cewa bincike ya tabbatar duk marar lafiyar da ba ya motsi dole a riƙa juya shi a kai a kai, ana duba fatarsa. Ita kuma tana auna ko ana aiki da karatun.

To, ranar Talata ana aiki da shi. Nas ɗinmu Malam Nura zai juya ni dama, a jima ya juya ni hagu, kamar mai tuyar waina. Sauran ranaku kuwa yana can tsakanin mai aman jini da wanda ruwan da ake ƙara masa ya ƙare. Ni da ba na ihu, sai ya leƙo.

"Malam Habibu, ya jiki?"

"Da sauƙi."

Me zan ce? Haka muka tashi muka ji ana amsawa.

Wata Talata Malama Binta ta matso ta tambaye ni ko ana juya ni idan ba ta nan. Na hango Malam Nura, gumi ya jiƙa masa riga. Na ce, "Wallahi suna ƙoƙari."

Ta wuce. Sai ga ta ranar Alhamis, ba sanarwa. Ta ce wa Yaya Sule ya kama kafaɗata, ta ɗaga zanen da kanta.

Ban ga abin ba. Fuskar Yaya na gani, sannan warin ya iso min.

Gyambon kwanciya ne a ƙasan ƙuguna, ya yi rami. Yaya ne ke goge min jiki kullum, amma in ya zo wajen sai ya kau da kai ya yi sauri. Kunyata yake ji, ni ma ina jin tasa.

Likita ya duba ya ce, "Bayanka zai iya warkewa. Wannan kuwa in ya kai ƙashi ya shiga jini, shi zai kashe ka."

Na ji maganar kamar da wani ake.

Ina jin Malam Nura yana cewa, "Malama, karatun na san shi. Hannuna biyu ne." Ba ta yi masa faɗa ba. Washegari su biyun suka tara 'yan jinya, suka koya musu yadda ake juya mutum, inda ake tokara matashi, da wuraren da ake dubawa. Yaya Sule ya koya yana sunkuyar da kai.

Aka shiga wankin ciwo kullum. Ana yanke mataccen nama ina kwance ina jin hirar ƙwallo a gadon kusa.

Haka aka yi ta yi har lokacin zafi ya shigo. Wata rana Malam Nura ya danna auduga cikin ramin, sai na ji kamar an ɗora min garwashi. Na kurma ihu, na zage shi. Ya tsaya cak, ya sake dannawa, na sake ihu. Ya fita da gudu ya kira likita. Yaya Sule ya zauna a ƙasa yana kuka yana hamdala, ni kuwa ina ta roƙo a ƙyale ni.

Daga nan babban yatsan ƙafata ya motsa. Aka fara gashin ƙashi, aka tsayar da ni da ƙarfe, daga baya sanda.

Yanzu ina gida. Ina takawa zuwa masallaci da sanda. Bana ban yi noma ba, ƙannena suka yi min. Gyambon shi ya warke a ƙarshe, kuma har yau ba na iya dogon zama. Mutane na cewa in yi murna. Ina godiya ga Allah ƙwarai, murnar dai tana zuwa a hankali.

Allah ya saka wa Yaya Sule da Inna da alheri. Malama Binta, na gode da kika ƙi yarda da amsata. Malam Nura, ka yafe min zagin.

Ga mai ciwon bayan da ya zo da rama ko sanyin ƙafa, ka je asibiti tun kana takawa. In an ɗora ka kan maganin tarin fuka, ka shanye shi har ƙarshe. In nas ya tambaye ka jiki, faɗa masa yadda yake, ka yi hamdalarka daga baya.

Ku kuma masu jinyar wanda ba ya motsi, ku roƙi a koya muku juyi, kada ku jira ma'aikaci. Kullum ku ɗaga zanen ku duba bayansa da idonku, ko da mahaifinku ne.