Yadda Maigidana Ya Koyi Tufka da Hannu Ɗaya

Shekarun baya masu nisa, tun Turawa ba su tafi ba, ina da goyon fari, muna zaune a Jibiya kusa da shingen da motoci ke tsayawa kafin su ƙetara ƙasar Faransa, kamar yadda muke kiran Nijar a lokacin. Maigidana ɗan dako ne. Da kaka, idan manyan motocin gyaɗa suka taso daga wajen Maraɗi za su Kano, shi da abokan aikinsa ke gyara lodi a bakin shingen. Ƙaƙƙarfa ne, ga surutu. Tun daga nesa nake gane ya taso, don ba ya wuce kowa bai tsokane shi ba.

Wata rana da hantsi ya ɗauki buhu, ya ajiye, ya dafe ƙeya ya ce kamar an sara mashi gatari. Abokan aikinsa suka ɗauka wasa ne irin nasa, sai da ya yi amai ya faɗi. Wani direba ya taimaka ya kai shi asibiti a Katsina, na bi su washegari da ɗiyata a baya. Malamin asibiti ne ya fassara mani abin da likita ya ce, wai wata jijiya ce ta fashe a cikin kansa, jini ya zuba inda bai kamata ba. Ya ce da yawa ba sa tashi, tunda shi ya farka mu gode Allah. Na tambaya yaushe zai warke. Malamin ya dubi ƙasa, ya ce mu tafi gida mu yi ta haƙuri.

Muka dawo da shi ɓarin dama a shanye, hannu a lanƙwashe a ƙirji, ƙafa sai ja. Maganar kuwa ta tafi gaba ɗaya, ba abin da ya rage a bakinsa sai "to". Yunwa "to", ciwo "to", fushi ma "to". Da farko gidan ya cika da 'yan dubiya, kowa da maganinsa. Wannan ya ce iska ce ta buge shi, wancan ya kawo rubutun sha, wata ta kawo saiwa a jiƙa. Duk mun yi. Kafin a gama sussukar gero ƙafar 'yan dubiya ta ɗauke, aka bar ni da shi. Ya juya fuska ga bango, in na kawo kunu ya ture da hannun hagu.

Da hatsinmu ya kusa ƙarewa na fara dama fura ina kaiwa bakin shinge, ni da ban taɓa talla ba tunda aka kawo ni. Ranar Lahadi kasuwar Jibiya ke ci, mutanen ƙetare su yi ta shigowa da jakuna. A irin wannan rana na ga wata mata, za ta yi sa'ar mahaifiyata, tana jan jaki, wani dattijo a kai, an ɗaure tarin igiyar rama a bayansa. Sun tsaya jiran a duba kayansu. Hannun dattijon na hagu na gani a lanƙwashe a ƙirji, daidai irin na maigidana. Na saki baki ina kallo har ludayi ya nutse a ƙwarya ban sani ba.

Matar ta matso ta ce, "Ɗiyata, wannan kallon ba na raini ba ne. Wa kike da shi a gida?"

Na buɗe baki zan amsa, kuka ya riga ni. A gaban direbobi da 'yan kwastan na zauna ina ta sharɓe, ita kuma ta karɓi ludayin ta ci gaba da sayar mani da fura kamar dama tata ce. Da na natsu ta ce in sun tashi kasuwa za su biyo, in kwatanta mata gidan.

Da la'asar sai ga su. Dattijon ya sauko da ƙyar, ya dogara sanda, ya ja ƙafa har ɗakin da maigidana yake kwance. Bai ce sannu ba. Ya zauna a bakin tabarma, ya kama shanyayyen hannunsa da mai lafiyar ya ɗora a cinya, inda maigidana zai gani in ya waiwayo. Maganarsa tana fita, sai dai a hankali, baki a ɗan karkace.

Ya ce, "Ƙanena, an ce maka za ka warke ka koma kamar da, ko? Haka aka yi ta ce mani. Ga hannun nan, damina huɗu ke nan, bai dawo ba. Ƙafa dai ta ɗan saurare ni. Ban zo da magani ba, hira na zo."

Maigidana bai juyo ba. Ni kuwa na yi caraf na ce, "Baba, yana jin ka, yana godiya, ba ya dai iya..." Matar ta kama gefen zanena ta ja ni waje.

A tsakar gida ta ce, "Shi ya ce maki yana godiya?" Na ce a'a. Ta ce, "To bar shi ya yi fushinsa da kansa. An ƙwace mashi hannu, an ƙwace ƙafa, kada ke kuma ki ƙwace mashi baki." Na ji haushinta sosai, don a ganina duk Jibiya ba mai kula da miji kamata. Na riga na saba, in aka tambaye shi ya jiki ni ke amsawa, har ina faɗin inda ke yi mashi ciwo kamar a jikina yake.

Suka riƙa zuwa duk Lahadi. Dattijon sana'arsa tufkar igiya, tun da ciwon ya same shi matarsa ke riƙe mashi bakin ramar. Wata Lahadi ya shigo da ramarsa ya zube a ɗakin, ya ce da maigidana, "Tsohuwar nan ta gaji da ni, hannunta duk ya yi kanta. Kai kana da hagu, ni ina da dama. Riƙe mani nan." Ya cusa mashi bakin ramar a hannu, bai jira amsa ba. Ina leƙe ta ƙofa. Maigidana ya saki. Dattijon ya ɗauka ya sake cusa mashi. Ya sake saki. A karo na gaba maigidana ya jefe shi da ita a fuska. Dattijon ya yi dariya ya ce, "Madalla, ashe hannun na da ƙarfi." Ranar ba a yi tufka ba, amma bayan sun tafi maigidana ya shanye kununsa.

Igiyar farko da suka gama, wani wuri kauri wani wuri siriri, ko ɗan akuya ba za ta riƙe ba. Dattijon ya ɗaga ta ya ce ko jandarman ƙetare, da ba sa barin komai ya wuce, ba za su kula wannan ba. Maigidana ya yi wani sauti, na rugo a tsorace na ɗauka shaƙewa ya yi. Ashe dariya ce. Daga dariyar kuma ya zarce da kuka. Na rasa abin yi, dattijon ya ce in ƙyale shi, ciwon ne ke kawo haka, shi ma yakan fashe da kuka ba dalili, ba hauka ba ne. Ba wanda ya taɓa gaya mani wannan, alhali na daɗe ina ɓoye tsoron ko maigidana ya fara taɓuwa.

Ana cikin haka yayan maigidana ya zo daga Farfaru. Ya daɗe a ɗaki da ƙanensa, sannan ya kira ni. Ya ce, "Ke yarinya ce, ba za mu tauye ki ba. Na tambaye shi ko ya sawwaƙe maki in tafi da shi gida, ya ce to." Na ce, "Yaya, ai komai to yake cewa." Ya ce in tambaye shi da kaina. Na durƙusa na ce, "Maigida, so kake in tafi?" Ya dube ni, ya nuna ƙofa da hannun hagu, ya kau da kai. Wannan karon ba wanda ya fassara mashi. Yaya ya ce zai dawo bayan sati biyu, in yi tunani.

Abin da ban iya gaya wa kowa ba shi ne, da na ji maganar, wani sashe na zuciyata sanyi ya ji. Na gaji. Ɗaga ƙato, wanke shi, goyo, talla, ga ba mai ce maki ci kanki. Ranar Lahadi ina tankaɗe, matar dattijon tana taya ni, na faɗa mata abin da Yaya ya zo da shi. Na zaci za ta yi mani wa'azin haƙuri kamar kowa.

Ta ce, "Kina so ki tahi?"

Na ce, "Inna, wace irin magana ce wannan."

Ta ce, "Ni na tahi. Damina guda na yi a gidanmu, na bar shi hannun ƙanwarsa. Har na fara addu'ar Allah Ya ɗauki ɗayanmu, ban zaɓi wa ba. Da na yi barci na ƙoshi, na ci abinci da zafinsa, sai na ga ashe ba shi na tsana ba, gajiya ce. Na komo da ƙafata." Ta kaɗe rariya ta ci gaba, "Ba ni ce maki zauna, ba ni ce maki tahi. Amma kada ki yanke kina a gajiye. Je ki wurin uwarki ki huta. Mu za mu zauna da shi."

Haka aka yi. Suka bar gidansu a ƙetare suka tare a namu, ni kuma na ɗauki ɗiyata na nufi Mazanya wurin mahaifiyata. Kwanakin farko barci kawai na yi, har mahaifiyata ta riƙa taɓa goshina ko zazzaɓi ne. Bayan nan na fara tashi da asuba ina tunanin ko an juya shi, ko an san ba ya son kunu da tsami. Kafin sati ya cika na ce zan koma. Mahaifiyata ta ce, "Tura ki aka yi ko ke kika ga dama?" Na ce ni na ga dama. Ta ɗaure mani kuka da daddawa ta raka ni bakin hanya.

Na iso na tarar da shi a zaure, abin da bai taɓa yarda ya yi ba, don ba ya son abokan aikinsa su gan shi. Ya maƙale bakin igiya a babban yatsan ƙafarsa mai lafiya, yana murzawa da hagu a cinya, dattijon yana gefe yana gyara mashi. Da ya gan ni ya tsaya. Na ce, "Na dawo, kuma ba inda za ni. In Yaya ya zo kai za ka gaya mashi, ni ba ruwana." Ya daɗe yana motsa baki, na dafe nawa da gefen mayafi don kada in taya shi. Can ya kira sunana, rabinsa dai, amma nawa ne. Da Yaya ya zo ya same shi yana tufka, ya sake tambayarsa, maigidana ya girgiza kai. Yaya ya ci tuwo ya koma shi kaɗai.

Hannun dama bai dawo ba har ya bar duniya, maganar ma guntu-guntu ta dawo. Amma ya yi tafiya da sanda, igiyarsa ta yi kyau har masu jakuna na nemanta, muka ƙara haihuwa uku. Zauren namu kuwa ya zama wurin zaman Lahadi. Wani ya kawo mahaifinsa daga Gangara, wata ta zo ita kaɗai don mijinta ba ya iya hawa jaki. Maza a zaure, mu mata a tsakar gida, muna koya wa juna yadda ake ɗaga mutum ba a karya baya ba, muna faɗin abin da ba ya faɗuwa a gaban dangi.

Bayan rasuwar dattijon aka zo da labarin wani mahauci a bayan kasuwa da irin ciwon ya kayar, ya ƙi ci ya ƙi sha. Maigidana ya jawo sandarsa ya nuna mani hanya. Na raka shi, ina ta tunanin me mai kalmomi kaɗan zai ce. Ya zauna kusa da mutumin tun azahar har la'asar. Da za mu tashi ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ni ma. Gobe." Washegari kuwa ya koma.

Yanzu jikokina na gaya mani har ƙungiyoyi ake yi na masu irin wannan ciwo da iyalansu, ana haɗuwa a asibiti ko ta waya. Mu ba mu san abin yana da suna ba. Likita ya ceto ran maigidana, ban manta ba, amma yadda za mu zauna da abin da ya rage, wurin waɗanda suka riga mu shiga muka koya. Masu lafiya sun so mu da alheri, sai dai duk maganarsu ta warkewa ce, mu kuwa abincin gobe da wankan gobe ke gabanmu. Shi ya sa har yau, in na je dubiya na gama da mai jinya, nakan ja wadda ke kula da shi gefe in zauna da ita. Ba na ce mata ta yi haƙuri, ta ji wannan har ta ƙoshi. Ce mata nake ta je ta kwanta, ina nan.