Gogen da Ba a Katsewa

Matso nan, ga tabarma, ka bar wayarka ta huta a aljihu, don ita ma tana cikin zancen. Labarin Ma'azu mai goge zan ba ka, wani tsoho na wani ƙauye a gefen Lugu.

Manomin hatsi ne kamar kowa a can. In an gama ɗaurin dammuna sai ya sauko da gogensa daga rataye, ya shafa masa ƙaro, duk inda ake wasan bori a aiko masa. Kowace iska da kiɗanta, kuma wurin mahaifinsa ya gaje su. Ƴaƴansa sun shiga kasuwanci da karatun addini, sun ce masa cikin ladabi su dai ba za su taɓa goge ba. Bai yi faɗa ba. Shi mutum ne mai son sanin cikin abu. Ranar da aka kawo injin niƙa garin, a tsugune ya yini yana leƙen ƙarƙashinsa.

Waya ce kawai ya ƙi, kuma da dalili. Wata shekara wani ya ɗauki kiɗansa a ɓoye, kiɗan ya bi wayoyi har ya tashi a tsakiyar kasuwa. Ana cikin kiɗan Doguwa sai kira ya shigo, waya ta katse. Wata mai ƙosai ta faɗi tana birgima kusa da kaskon mai. Sai da aka ɗauko Ma'azu a kan kabu-kabu ya ƙarasa kiɗan, ya yi na sallama, matar ta yi atishawa ta tashi. Ko ka yarda da iskoki ko ba ka yarda ba, ƙa'idarsa ke nan: wanda ka kira, sai ka sallame shi.

To, yanzu yatsun sun fara ƙagewa, magaji kuwa babu. In ya tafi, kiɗan ya tafi.

Ana nan sai ga jikarsa Marwa, mai gyaran ordinatar, wato kwamfuta, a Dogon Dutsi, da wani ɗan akwati a hammata.

"Tsohon mijina," in ji ta, "na zo in kwashe kiɗan kafin yatsun nan su ƙarasa mutuwa."

"Ke da ko fura ba ki iya damawa ba? Mi ke cikin abin wanga?"

Ta zauna ta yi masa bayani. Wata manhaja ce a ciki, mutane da yawa a duniya suka haɗu suka rubuta ta, ba kamfanin da ya mallake ta, kuma duk wanda ya iya yana buɗe cikinta ya gyara yadda yake so. Kiɗan ba zai tafi rumbun wasu a ƙasar waje ba, nan gidan zai zauna. In wani gari suna da nasu akwatin, sai a haɗa su in an ga dama, kowa da rumbunsa.

Tsoho ya juya akwatin, ya shinshina shi.

"Makulli hannun wa?"

"Hannunka."

"Tana jin magana, ko irinki ce?"

"Ta fi ni."

"To ki hwaɗa mata, in ta fara kiran iska kar ta tsaya sai ta yi sallama."

Marwa ta yi dariya, sai kuma ta ga abin mai yiwuwa ne. Ta koma Dogon Dutsi ta shiga cikin manhajar, ta cire maɓallin tsayarwa, ta ɗinke kowane kira da sallamarsa. Da ta dawo ta kunna wani kiɗan gwaji, Ma'azu ya yi ta danna ko'ina da babban yatsa kamar mai neman ɓarakar ƙwarya. Kiɗa bai tsaya ba.

"In wutarta ta ƙare a tsakiya fa?"

Marwa ta kama kai. Ta sake zama, ta sa manhajar ta ƙi farawa in batir bai isa ba. Sai a lokacin ya ɗauko goge. Ranin nan duka suka yi suna ɗauka, da hantsi, in rana ta sassauta masa yatsu.

Labari ya kai Dumega. Can akwai Illo mai shagon caji, shi ma yana da irin akwatin, kuma akwai wani maƙwabcinsa da ke son koyon goge bai sami malami ba. Illo ya zo da goro ya roƙi a haɗa akwatunan biyu.

Marwa ba ta ɓoye wa kakanta komai ba.

"Kaka, ƙofar da na shiga na cire maɓallin nan, Illo ma yana iya shiga ya maido shi. Haka aka yi ta, ba ta da kuba. In kuma ka hana, kiɗan yana cikin akwati guda, ranar da zafi ya kashe shi, shi ke nan."

Tsoho ya daɗe yana murza goro a tafinsa. Ya dubi Illo.

"Ɗana, ban san ka ba, ban kuma san wanda za ka ba ba." Ya juya ga Marwa. "Raba kira da sallama. Tura mishi sallama duka, ban da kira ko guda. In maƙwabcin nasa ya iya korar baƙi, shi zo shi kaɗa mini da hannunshi, sannan mu yi zancen gayyata."

Haka aka yi. An ce mutumin Dumega yana nan yana ta gwadawa a bayan shagon, har masu caji sun fara ƙorafi. Yatsun Ma'azu kuwa kullum ƙara ƙagewa suke, rabin kiɗan yana nan a akwati guda.

In kai ne shi, za ka jira mutumin ya iya, ko za ka tura sauran tun kana da rai?