Shekarar da Ɗanlaraba Bai Sayi Rago Ba

Duk wanda ya zauna Awendjé a shekarun da arzikin man fetur ya hau wa Libreville kai ya san Ɗanlaraba direba. Dogo ne, baƙi wuluk, mutumin wani ƙauye a gefen Dogondutsi, kuma shi da matarsa Iyatu ne kaɗai Kiristoci 'yan Katolika a cikin Hausawan unguwar. Fada ya raɗa masa suna Etiyen ranar baftisma, amma sunan bai taɓa ƙetare ƙofar coci ba. Gungumen katako yake ja zuwa tashar jiragen ruwa ta Owendo, carbinsa mai gicciye yana lilo a madubin mota.

Da watan Kirsimeti ya kama, sai mutumin naku ya canza. Ya ajiye taba. Ya je ya furta zunubansa wurin fada da guntun Faransancinsa, Allah kaɗai ya san abin da fadan ke tsinta a ciki. Ya kwaso ɓaraguzan katako daga Owendo ya kafa 'yar bukka a ƙofar ɗakinsa, ya kwantar da jariri Yesu na laka a komin dabbobi, ga raƙumi a gefe wanda kowa ke rantsuwa akuya ce.

Amma babbar ibadarsa rago ne. Ubansa ya koya masa cewa ranar haihuwar Mai Ceto ba a cin nama a ɓoye, sai maƙwabci ya ci. To ta yaya maƙwabci Musulmi zai ci? A garinsu an daɗe da warware wannan: Kirista ya sayi dabba, Musulmi ya yanka, kowa ya miƙa hannu cikin kwano ba tare da tambaya ba.

Mai yanka masa a Libreville shi ne Malam Sali, dattijo mai sayar da goro, mutumin Garwa, wanda suke haya a gida ɗaya. Shi ya ba Ɗanlaraba tabarma a ɗakinsa lokacin da ya sauka garin bai san kowa ba, bai kuma taɓa ce masa ya bar addininsa ba. Kowace safiyar Kirsimeti Sali zai sa farar rigarsa, ya juya ragon gabas, ya ce, "Ƙanena, kai je ka yi wa Annabi Isa barka, ni ka bar ni da wannan." Kafin a tashi coci Iyatu ta ɗora tukunya, tsakar gida ya cika da mata da hayaƙi da surutu.

A shekarar da nake ba ku labari, ƙafafun Sali suka kumbura, har zaman kasuwa ya gagare shi. 'Ya'yansa suka matsa ya koma gida, komawa ta ƙarshe. Akwai jirgin ruwa mai zuwa Duwala, hanyar gida, a farkon watan Kirsimeti, dattijon nan ya bari ya tafi ba shi. Ya ce ba inda za shi sai ya yanka wa ƙanensa rago sau ɗaya tak, sannan ya yi sallama da garin. Duk gidan sun ji, Ɗanlaraba ma ya ji.

Ana nan sai wani babban kamfanin Turawa ya ɗauki Ɗanlaraba aiki. Kai, zo ka ga tafiya! Ga takalmi mai ƙarfe a baki, ga riga mai tambari. Jajibirin Kirsimeti manaja ya raba wa direbobi kwali kwali, a ciki talo-talo ne daskararru, ƙato ƙato, a naɗe cikin leda, wai daga Faransa aka kawo su ta jirgi. Ɗanlaraba ya ɗora nasa a ka, ya ratso unguwa a hankali don kada wani ya ce bai gani ba.

Iyatu ta buɗe kwalin, ta taɓa naman, ta janye hannu. "Maigida, wa ya yanka wannan?"

"Ke dai dafa. Naman Faransa ne fa."

"To Malam Sali fa? Tun shekaranjiya yake wasa wuƙa."

"Zan gaya masa."

Bai gaya masa ba. Kada ma wani ya ce mantuwa ce, wallahi yana sane. Ya san babu Musulmin da zai kai wannan nama baki. Kawai yana so a ga shi ma ya kai cin abin da manaja ke ci, sannan kunya ta hana shi tsallaka tsakar gida ya faɗa da bakinsa. Sai ya lallashi zuciyarsa cewa ai hutar da marar lafiya ya yi.

Da safe ya fito cikin kwat zai tafi coci. Ga Sali a kan tabarma, da farar riga, da buta, ya miƙe kumburarrun ƙafafunsa, yana kallon turken da ba komai.

"Ƙanena, ina baƙon namu? Ko yana hanya?"

"Na makara, Yaya, sai na dawo."

A coci ya durƙusa gaban komin dabbobi, ya karɓi Jibin Ubangiji, amma ranar addu'a ta ƙi fita. Jama'a na ta waƙar murna, shi kuwa farar rigar nan kawai yake gani. Da ya dawo, an naɗe tabarmar. Maimakon ya shiga ɗakin Sali, assha, sai ya ba Iyatu kwanon nama ta kai. Dattijon ya karɓa da hannu biyu, ya sa albarka. Haka sauran maƙwabta suka yi. Can da la'asar Ɗanlaraba ya hango kwanonin suna tsallaka shinge ɗaya bayan ɗaya zuwa gidan wasu 'yan ƙasar da ba Musulmi ba. Ya zauna ya ci nasa shi kaɗai, naman salam kamar jiƙaƙƙen katako.

Daga nan ya shiga wasan ɓuya, ya fita da sassafe, ya ƙi haɗa ido da ƙofar Sali. Ranar da Iyatu ta aika masa Owendo cewa an kwashe kayan Malam, nan ya bar mota ya ruga Port Môle, inda fasinja ke shiga jirgi. Ya same shi zaune a kan ƙunshin kayansa, 'yan dako na ta kai da kawowa.

Ya durƙusa. "Yaya, ka yafe mini. Zan sayo rago yau ɗin nan."

"Haba, ba komai," in ji Sali. "Ni ba naman ne ya dame ni ba, haƙoran ma ina suke? Da ka zo ka ce mini, Yaya, bana ba rago, da na zo ƙofarka mun sha ko da ruwa ne, na taya ka murnar ranarku. Amma sai ka aiko mini da kwano."

Jirgi ya yi kuka. 'Yan dako suka kama dattijon ya miƙe da ƙyar. Ya ba Ɗanlaraba hannu, irin yadda ake ba baƙo a ofis, ya kira shi da laƙabin da Faransawa ke kiran manya.

"To, Mushe Etiyen, Allah ya ƙara girma."

Ɗanlaraba bai ma san Sali ya san sunan nan ba. Yana nan a wurin har aka janye tsanin jirgi. Ya yi niyyar zuwa Garwa idan ya sami hutu, hutun bai zo ba sai da labarin rasuwar Sali ya riga shi. Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, ya yi jikoki, ya zama dattijon coci, amma in hira ta biyo ta kan Sali sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Mutumin nan ya bar jirgi ya tafi saboda ni, ni kuwa tsakar gida na kasa tsallakawa."