Kada A Sa Sunan Harriet A Filin Ajiye Motoci

Ranar Talata, huɗu ga watan Maris, Allah ya karɓi ran Harriet Lindqvist tana da shekara saba'in da uku. Ni ne Vernon mai aski, wanda shagonsa ya yi maƙwabtaka da kantin littattafanta a Babban Titi shekara ashirin da shida.

Harriet, ke ce mai kai littattafai gidan tsofaffi duk Laraba, ko ƙanƙara ake zubawa. Lokacin jinyar matata Doris, kullum sai kin rufe kanti da rana kin je kin karanta mata shafi goma. Ban taɓa gode miki yadda ya kamata ba, kuma abin yana damuna.

Amma yau fushi nake yi, ba zan ɓoye ba.

Da majalisar gari ta ce kasuwar tsakiyar gari ta mutu, sai an jawo manyan kantuna masu rassa ko'ina, ke suka roƙa ki tarbi wakilan wani katafaren kamfanin littattafai. Na ce miki kura kike nuna wa turken awaki. Kika yi dariya kika ce, "Vernon, kai dai ji da almakashinka. Mai sayar da littafi ai ɗan gida ne."

Kika gasa musu kek na tuffa, kika dafa kofi. Kika zayyana musu abin da manoma ke karantawa, da abin da malaman makaranta ke nema, har watan da ciniki ya fi tafiya. Suka ci, suka rubuta, suka gindaya sharaɗi ɗaya: wurin ajiye mota ɗari uku. Majalisa ta duba duk garin ba ta ga inda za ta rushe ba sai layinmu. Aka baje shi, aka malala kwalta. Kamfanin kuwa ya je can bakin babbar hanya ya yi gininsa, ko waiwaye babu. Shekara huɗu ke nan ciyawa ke tsirowa ta tsagar kwalta a inda kantinki yake a da, ke kuma kika koma ba da aron littafi daga garejin gidanki, ba ki taɓa zagin kowa ba. Ni ne na yi ta zagin a madadinki.

Jiya shugaban majalisa ya aiko da furanni, da takardar albishir wai ranar Alhamis za su kaɗa ƙuri'a a sa wa filin sunanki. Rashin kunyar har ta kai nan? 'Yarki Ingrid ta karanta takardar, ta miƙo mini ta ce, "Kawu Vernon, ni ba zan iya tsayawa gabansu ba."

To ni zan iya. An ce minti uku ake bai wa mutum ya yi magana, kuma sun ishe ni.

Allah ya jiƙanki, ya yafe kurakuranki, ya sa kin huta. Ingrid da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri da dangana. Kantinki na kasa tsare miki, Harriet. Sunanki kuwa ba za a sa shi a filin nan ba, sai dai su fitar da ni daga zauren majalisa da 'yan sanda.