Ranar da Abayata Ta Shiga Sarƙar Keke

Ko tsufa ya kwashe min komai daga ka, ban yi tsammanin zai iya ɗauke wata safiyar Asabar da na yi a cikin fararen tuddai na wajen Usfan, arewa da Jidda, ba. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na ga keke an jingine a bango sai na ji murmushi ya zo min.

Ni haihuwar ƙasar Hausa ce, aure ne ya kawo ni Jidda. Maigidana a nan aka haife shi, kakanninsa ne suka zo aikin hajji a ƙafa suka zauna. A unguwar Madain Fahd muka yi zamanmu, yana zuwa aiki yankin masana'antu, ni ina gida da yara. Da Allah ya ba ni 'yar fari sai aka sa mata sunan mahaifiyarsa, kunya ta zamar min biyu. A garinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle kuma mai sunan suruka. Haka na ga uwata ta yi da yayanmu, ni ma haka na yi. In zan kira ta sai in ce "ke", in zan yi maganarta in ce "yarinyar nan". Ban taɓa kawo wa raina cewa abin yana yi mata ciwo ba.

Ita kuwa a cikin Larabawa ta tashi, inda uwa take rungume 'yarta a bakin makaranta tana kiran sunanta har da waƙa. Ƙanwarta, autarmu, sunanta ba ya barin bakina tun safe har yamma. Duk tana gani, ba ta taɓa cewa komai ba sai da ta girma ta sami aikin jinya a can gabashin ƙasar, nesa da mu.

Wata la'asar ina taya ta ninke kaya a akwati, sai ta ce min, "Ummi, tsakani da Allah, kin san sunana kuwa?"

Na ce, "Ke, miƙo min wancan mayafin."

Ta yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. "Kin gani? Ke. Kyanwar maƙwabta ma tana da suna a bakinki."

"Kunya ce, haka ake yi a gida."

"Kunyar me? Ni na haife ki?"

Babanta yana tsakar ɗaki yana shan shayi, ta juya wajensa neman mai goya mata baya. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ni ku cire ni. Sunan uwata ne, ni ma Hajiya nake ce miki." Sai ta rufe akwatin a hankali ta ce, "Halas, ba komai. Na saba." Wannan "na saba" ya zauna min a ƙirji. Na gane yarinyar nan za ta bar gidana tana ganin ita ce ba a so.

Maganar keke kuwa, likita ne sanadi. Da aka ce ina da ciwon suga, a riƙa motsa jiki, yarinyar nan ce ta ɗauke ni zuwa bakin teku da sassafe tana koya min, tana riƙe da sirdin ta baya tana gudu tana cewa, "Yalla Ummi, kar ki kalli ƙasa." Na faɗi ya fi a ƙirga kafin na iya. Tana da ƙawaye mata da suke fita yawon keke bayan gari lokacin sanyi, ita ce mai ja musu gaba domin ita ta san hanyoyi. Da tafiyarta ta matso sai suka shirya fitar bankwana, ta ce lallai da ni.

Ta kawo min irin abayarsu, gajera, mai wando a ciki. Na juya ta na ajiye. Na ce ni da jikoki a hanya ba zan sa wannan ba, tawa mai faɗi zan sa, in tattare ta. Ta gargaɗe ni, na yi kamar ban ji ba. Hular kwano dai na yarda na ɗora a kan mayafi.

Bayan sallar asuba aka loda kekuna a mota muka nufi arewa. Inda aka sauke mu kwalta ta ƙare, sai wata siririyar hanya ta shiga tsakanin tuddai. Kafin mu hau ta tara mu ta yi bayani da Larabci: a cikin tuddan nan waya ba ta samun layi, duk wadda ta sami matsala ta ɗaga murya ta kira sunanta, ita mai jan gaba. Ta faɗi haka ba ta dube ni ba.

Ban taɓa sanin akwai irin wannan wuri kusa da Jidda ba. Ƙasar fara ce sol, kamar allin da kakata take shafa wa yatsu in tana kaɗin auduga. In taya ta taka sai ta tashi kamar gari ta sauka mana a ƙafafu. Tuddan ba su da tsayi, a kwance suke, a hau wannan a gangara wancan, ga itatuwan ƙaya jefi-jefi, raƙuma suna cin ganyensu ba su damu da mu ba. Iska mai sanyi tana shigar min hannun riga. In mun zo gangara sai in daina taka feda in bar keken ya tafi da ni, ina jin wani daɗi irin na yarinta. Wajen hawa kuwa sauka nake in tura, wata Balarabiya mai fara'a, wadda aka sa ta tsare bayan ayari, tana tafe tare da ni tana cewa, "A hankali ya khala, ba tsere muke ba." Khala a wajensu inna ce.

Muka wuce wata tsohuwar ganuwar dutse a kan tudu, rabinta ya zube, aka ce masu gadin hanyar alhazai ne suka zauna a cikinta a zamanin da. Daga nan muka isa wata rijiya mai faɗin baki, an ɗaure ta da duwatsu, igiyar guga ta ci gefenta har ta yi kwari. Yarinyar nan ta tsaya a bakinta tana gaya wa ƙawayenta cewa ta irin wannan hanya kakannin babanta suka bi zuwa Madina a ƙafa, da goyo da ƙullin kaya a ka. Ina gefe ina cin dabino ina kallonta, yadda kowa ya yi shiru yana saurarenta. Zuciyata ta cika, amma ko kai ban gyaɗa ba.

Da aka tashi komawa sai na ce wa Balarabiyar ta yi gaba, zan yi wa mutanen da suka sha ruwan rijiyar nan addu'a in biyo su. Ta ga hanyar a miƙe take, ta tafi. Na shafa fatiha, na hau, na manta ban tattare abaya ba. Ban yi nisa ba na ji an fizge ni ta baya. Gefen rigar ya shige sarƙa ya naɗe, feda ta ƙi gaba ta ƙi baya. Na dafa ƙasa da ƙafa ɗaya, ɗayar tana sama, rigar ta ɗaure ni da keken. In sauka ba hali, in sunkuya zan kife.

Na ɗaga kai na hango su suna hawa tudu na gaba, ita ce a kan gaba. Na tuna bayan tudun nan hanya ta rabu, ban kuma san wacce muka biyo ba. Rana ta fara zafi, ruwan gorata saura kaɗan, ga suga.

Na ce, "Ke!" Iska ta tafi da shi. Na ƙara murya na ce da Larabci, "Ya binti!" wato 'yata. Biyu daga cikinsu suka waiwayo suka ɗaga min hannu, sun zaci gaisuwa ce. Dukansu 'ya'yan wasu ne, wa zai san da wa nake? Ta kusa kaiwa ƙolin tudun. Na ji sunan ya taso min, na ga fuskar uwata, na ga ta surukata. Sai na rufe ido na kira shi da iyakar ƙarfina, har tuddan suka maido min da shi.

Da na buɗe ido ta riga ta tsaya. Ba ta ma juyo da keken ba, yar da shi ta yi a ƙasa ta gangaro da gudu, farar ƙura tana bin ta. Ta iso tana haki, ta dubi rigar, ta dube ni, ta durƙusa a gaban sarƙar. Amma ba ta taɓa ta ba.

Ta ce, "Sake faɗa."

Na ce, "Ke, ciro min rigata, ƙafata ta gaji."

"Wallahi Ummi a nan za mu yini. Sai kin sake."

Na duba, ƙawayen suna can nesa. Na faɗe shi a hankali, yadda ita kaɗai za ta ji. Ta sunkuyar da kai ta fara warware rigar, hannunta duk baƙin mai, tana share ido da bayan hannu har fuskar ta yi dabbare-dabbare, fari da baƙi. Na ce mata, "Tun kina cikin zanen goyo, wa kike tsammani nake fara ambata in na sa goshina a ƙasa? Ban taɓa yin sallah ban kira sunan nan ba."

Ta ɗago ta ce, "To ai Allah ne yake ji, Ummi. Ni ban taɓa ji ba."

Na sa gefen mayafina na goge mata fuska, abin da rabona da yi tun tana rarrafe. Rigar ba ta fita ba sai da muka yage ta. Ta ɗaure min sauran a ƙugu da igiyar gorarta, tana cewa da na sa wadda ta kawo min da duk haka ba ta faru ba. Na ce da na sa ta, da har yau "ke" ce. Muka yi ta dariya har Balarabiyar ta iso tana tambayar ko lafiya. Sauran hanyar ta ba wata jan gaba, ta dawo gefena muka tafi a jere.

Ta tafi aikinta, yanzu har da 'ya'yanta. Ban bar al'adarmu ba, a gaban dangin babanta har gobe "yarinyar nan" nake cewa, ita ma ta daina jin haushi. Amma in ta bugo waya ina ni kaɗai a ɗaki, da sunanta nake amsawa.

Abin da ranar nan ta koya min shi ne, kunya ado ce a inda kowa ya san ma'anarta. Yayanmu bai taɓa shakkar uwarmu ba, domin duk garin haka ake yi. Amma ɗan da ka haifa a wata ƙasa ba zai karanta shirunka yadda aka karanta na iyayenka ba. In kana son sa, ka bari ya ji da kunnensa ko sau ɗaya ne, kada ka jira sai rigarka ta shiga sarƙa.