Jirgin Ridwan

Ummaru injiniya ne a Jega, ya tsufa yana gyaran injinan ban ruwa na manoman albasa. Da ɗansa Ridwan ya rasu, ya bar ƙaramin jirgin sama na wasa mai injin jet. Ummaru ya so ya ji ƙararsa ko sau ɗaya, amma na'urar sarrafa injin ta ƙi, sai jar fitila. Ya canza batir, ya duba wayar auna zafi, shiru.

Abdulmalik, abokin Ridwan daga Aliero, ya zo gaisuwa. Ya ce, "Baba, duk Juma'a in mun je filin Andarai tayar da jirgin ni da Ridwan, sai mun fidda iskar tiyon kananzir tukuna."

Da suka fidda iskar, injin ya tashi. Ummaru ya yi godiya, kishi na cin sa. Shi ba a taɓa gayyatarsa Andarai ba.